Sa kyamarar tsaro a shagon Yayana, daga sayen waya zuwa ciro hoto

Yayana yana sayar da kayan masarufi a kan sari a Kano: taliya, madara, sabulu, man girki da makamantansu. Shagon yana bakin titi, sito kuma yana baya, sai an bi wani ɗan lungu kafin a kai gare shi. Duk ƙarshen wata in aka zauna lissafi sai a ga wasu katan-katan sun yi ɓatan dabo, ba kuma wanda za a nuna a ce shi ne. Zargi ya fara shiga tsakanin yaran shago, shi kuwa Yaya ba ya son ɗora wa ɗan mutane laifin da bai gani da idonsa ba. Shi ne ya ce a sa kyamara, kuma da yake ni ne mai ɗan taɓa harkar kwamfuta a gidanmu, sai aikin ya faɗo a kaina. Ba ni na hau tsani ba. Mun ɗauko mai sana'ar, wanda kowa ke ce wa Injiniya, shi da yaronsa. Nawa shi ne sayayya, da tsayawa a kan aiki, da duk abin da ya taso bayan sun karɓi kuɗinsu sun tafi, wanda kuma shi ne mai yawan.

A Sabon Gari muka yi sayayya. Abin da mai kanti zai fara tambayarka shi ne DVR kake so ko NVR. Dukansu rikoda ce, wato akwatin da ke naɗar hoto, bambancin yana wajen kyamara da waya. DVR tana aiki da kyamarorin da ke turo hoto ta waya mai kauri irin ta eriyar talabijin, RG59, mai kan da ake murɗawa da ake kira BNC, sannan kowace kyamara sai an kai mata wutarta daban, bolt 12. Kyamarorin NVR kuwa kowace tana da nata adireshi, kuma waya ɗaya irin ta intanet, Cat6, ita ke kai wuta ta dawo da hoto, muddin tsawonta bai wuce mita 100 ba. Hoton wannan yakan fi fita, kuɗinta ma ya fi. Mafi yawan abin da ke kantunan na kamfanoni biyu ne, Hikvision da Dahua, dukansu daga birnin Hangzhou na ƙasar Sin, sai kuma tarkacen da ba a san asalinsu ba. Na kira Yaya ina masa wannan dogon bayani, sai ya katse ni ya ce, "Ni dai ka sayo wadda zan gane fuskar mutum." Muka ɗauki DVR mai baki 8 da kyamara 4 masu megafiksel 2, don in an so ƙari nan gaba ba sai an canja rikoda ba.

Abu biyu Injiniya ya tsaya a kansu, kuma na ga amfanin tsayawar. Na farko waya. Ya sa aka yanko masa ɗan guntu daga wani ƙunshi mai sauƙin kuɗi, ya kankare cikin da reza, sai ga fari ya fito. Alminiyam ne aka lulluɓe da jan ƙarfe, ido ba ya rarrabewa sai an kankare. Ya mayar wa mai kanti ya ce, "Oga, araha ba ta ado, kawo ta gaskiyar." Na biyu faifan ajiya. Rikoda yawanci ba ta zuwa da shi, daban ake saye, kuma a nan ne ake cusa wa mutane tsohon faifan da aka ciro daga kwamfutar ofis. Na kyamara daban ne, an yi shi ne don ya yi ta rubutu dare da rana ba hutu. WD Purple da Seagate SkyHawk su ne aka fi sani. Muka ɗauki mai terabayit 2, a leda, ba a taɓa buɗe shi ba.

Wajen zaɓar inda za a kafa kowace kyamara aka fi jan zance. Yaya yana son a kai su can sama kusa da kwano don kada hannu ya kai. Injiniya ya ce to, ya sa yaronsa ya hau tsani ya riƙe kyamara a inda Yaya ya nuna, ya jona mata ɗan ƙaramin allon gwajinsa, ya ce wa ɗaya daga cikin yaran shago ya shigo. Abin da muka gani a allo shi ne saman hula da kafaɗu. "Alhaji, ka gane ko wane ne wannan?" Yaya ya yi dariya ya ce a sauko da ita. Tsakanin mita 2.5 zuwa 3 muka tsaya. Ta cikin shago ma da farko ƙofa aka nufa da ita, amma hasken titi yana bayan duk mai shigowa, sai ya fito baƙi ƙirin, inuwa kawai. Akwai saitin WDR da ke ɗan gyara wannan, sai dai a kyamara mai matsakaicin kuɗi gyaran bai taka kara ya karya ba. Sai aka mayar da ita gefen ƙofa ta ciki tana kallon cikin shago, yadda hasken waje zai faɗa a fuskar mai fita. Mai fita da kaya a ka kuwa shi ne dama ake son gani.

Ta bakin sito ta jawo mana baƙo. Ana cikin ɗaure ta sai ga maƙwabcinmu na baya, dattijo ne, ya yi sallama, aka gaisa, ya ce wa Yaya, "Alhaji, na ga ana aikin alheri. Sai dai wannan idon naku, ina fata bai tsallaka katanga ba, ka san akwai iyali." Ya kuwa tsallaka, don ana hango igiyar shanya da wani ɓangare na tsakar gidansa. Aka sunkuyar da ita ƙasa, sauran kusurwar da ta rage kuma na shiga saiti na ja mata baƙin akwati, wanda ke rufe wurin a allo da kuma cikin abin da ake naɗa. Yaya ya kawo dattijon har gaban allo ya gani da kansa. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023, amma a unguwa haƙƙin maƙwabtaka ya riga ta isowa. Mun kuma liƙa takarda a ƙofa cewa akwai kyamara a wurin.

Da aka kunna rikoda sai ta kama kuka, ƙit-ƙit-ƙit ba tsayawa, ga hotuna huɗu kuma ras a talabijin. Yaran shago har sun fara ɗaga wa kansu hannu. Kukan nan ba lalacewa ba ne, tana faɗa ne cewa ba ta da inda za ta zuba hoto, domin sabon faifai sai an shiga wajen ajiya an share shi an shirya mata shi tukuna. Wasu masu haɗawa in kukan ya dame su sai su kashe ƙarar kawai su kama gabansu, mai shago ya yi wata da watanni yana kallon allo yana jin daɗi, alhali ko daƙiƙa ɗaya ba a naɗa ba. Bayan an shirya faifan sai wani ɗan jan tambari ya bayyana a kusurwar kowane hoto. Ban yarda da tambarin ba sai da na sa yaro ya wuce gaban kyamara, na jira kaɗan, na shiga wajen komawa baya na nemo shi yana wucewa. Duk wanda za a sa wa kyamara, kada ya cika kuɗin aiki sai ya yi wannan gwajin da hannunsa.

Sabuwar rikoda ba ta buɗewa sai an sa mata kalmar sirri. Injiniya ya miƙa hannu zai buga wadda ya saba sa wa duk kwastomominsa, ya ce don kada a manta a zo ana damunsa. Na ce masa, "Injiniya, bar mini wannan." Na sa tamu, na cike tambayoyin da ake amsawa in an manta, na rubuta a takarda na ba Yaya ya sa a inda yake ajiye takardun shago. Shi kuma na buɗe masa ƙaramin asusu na kallo da gyara, wanda zan iya rufewa duk ranar da na so. Ba rashin yarda ba ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi intanet tana shiga kyamarori da rikodojin da aka bari da kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani, aka haɗa su aka kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari a watan Oktoba, har Twitter da Netflix suka daina buɗewa ga ɗimbin jama'a na tsawon sa'o'i. Masu waɗannan na'urori suna zaune a shagunansu ba su san da su aka yi ba.

Ita kanta rikodar ba mu bar ta a kan tebur ba, domin ɓarawon da ya san abin da yake yi ita zai fara sungumewa. An ƙera mata akwatin ƙarfe mai kwaɗo a wani wuri da ba zan faɗa ba, da huji-huji a gefe saboda zafin Kano na watan Afrilu ba ya wasa da faifai, aka ja wayar HDMI zuwa talabijin.

Matsalar da ta fi cin rai ta bakin sito ce. Da rana lafiya lau. Da safe in na koma baya in duba na dare, sai in tarar tun daga bayan magariba hoton yana zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci allon ya yi baƙi da rubutun cewa babu hoto, sai gari ya waye ta dawo kamar ba abin da ya faru. Maigadin layin har ya fara cewa ko wurin ne ba ya son a kalle shi. Injiniya ya zo da rana, ya ga tana aiki, ya ce ƙila kan BNC ne, ya canja, ya tafi. Da dare ta sake. Ya ce kyamarar ce, aka musanya ta da ta cikin shago. Wadda aka kai sito ta kama ciwon, wadda aka dawo da ita shago ta warke. A nan muka san laifin ba na kyamara ba ne, na hanya ne.

Ga abin da ke faruwa. Kyamarar tana da wasu 'yan fitilu a fuskarta da ke ba da hasken da idon mutum ba ya gani, sai ɗan ja-ja in ka matsa kusa. Da su take gani a duhu. In duhu ya yi za ka ji ta yi ƙas, ta koma hoton fari da baƙi, fitilun su kama, wutar da take ja ta ƙaru sosai. Ita kuwa wutar bolt 12 ba ta jure tafiya mai nisa a siririyar waya, kamar ruwan famfo ne a gidan da ke ƙarshen layi, kafin ya iso ƙarfinsa ya ƙare. Da rana abin da ke isowa yana isarta. Da dare fitilu na kamawa sai wuta ta faɗi, kyamara ta mutu, ta sake tashi, fitilu su sake kamawa, ta sake mutuwa. Ba sai an jira dare ba kafin a gwada: Injiniya ya cire hularsa ya kifa wa kyamarar, muka ji ƙas, ya sa mitar auna wuta a bakin wayar wuta, sai ga lamba ta zube ƙasa da bolt 10. Da aka bi wayar cikin silin sai aka tarar ashe mai kyan ta ƙare a hanya, yaron ya cike sauran da ragowar wata tsohuwa da ke jakarsa, ya ɗaura da salatif. Aka zare ta gaba ɗaya aka ja sabuwa ba gami, aka kuma ba wannan kyamarar adaftarta a kusa da ita. Tun daga nan ba ta ƙara ɗaukewa ba.

Sauran na dare ƙanana ne. Ta bakin titi tana fitar da wani farin hayaƙi a gefe ɗaya, ashe haskenta ne ke dukan bakin rumfa yana dawo mata a ido, da aka ɗan juya ta sai ya tafi. Gizo-gizo kuma yana son wurin saboda ƙwarin da ke taruwa, zare ɗaya na yana a gaban gilashi da dare sai ya zama farin sanda yana lilo a allo. Wannan da ƙurar hunturu maganinsu ɗaya, tsumma mai laushi a kan doguwar sanda duk mako. Akwai kuma wasu layuka da ke hawa daga ƙasan hoto zuwa sama a kyamarar da aka ɗaure a jikin ƙarfen rumfa, sun fi yawa in an tayar da janareta. Aka sa ɗan katako tsakaninta da ƙarfen, aka raba wayarta da ta lantarki da suke tafiya a fayif ɗaya, layuka suka ɓace. Kafin damina kuma duk mahaɗin da ke waje an sa shi a akwatin roba, aka bar wayar ta ɗan sauko ƙasa kafin ta shiga, don ruwa ya ɗiga a ƙasa kada ya bi ta ya shige.

Sai maganar wuta, wadda ita ce uwa. A kasuwa da rana akwai janareta, da dare in an ɗauke shi ke nan, kuma a daidai wannan lokacin ne ake buƙatar kyamara. Ɗaukewar wuta farat ɗaya ma tana iya ɓata abin da faifai ke cikin rubutawa. Rikoda da kyamara huɗu gaba ɗaya ba su kai abin da fankar sama ɗaya ke ci ba, saboda haka ƙaramar inbata da batir ɗaya na bolt 12 mai 100Ah sun ishe su kaiwa safiya, da sharaɗin ba a jona musu komai ba. Talabijin ba ya kan layin, don naɗa ba ta buƙatarsa. Yaƙin da na sha shi ne da masu cajin waya. Sai da aka rufe soket ɗin a cikin akwati sannan batir ya samu lafiya.

Yaya ya fi ɗokin kallo a wayar hannu fiye da komai. Kowane kamfani da manhajarsa, na Hikvision Hik-Connect, na Dahua DMSS, kuma tsarin kusan ɗaya ne: a jona rikoda da intanet, a kunna wajen haɗuwa da manhaja a cikin saiti, a ɗauki lambar QR da waya. Ƙaramar na'urar intanet ta aljihu da Yaya ke da ita ba ta yi ba, don ba ta da bakin da za a sa waya, sai da muka sayi rauta mai cin sim. Ko da aka jona, rikoda ta ci gaba da nuna ba ta kan layi. An bar ta ne da wani adireshi da aka buga da hannu wanda bai dace da na rautar ba. Na kunna DHCP don ta karɓi adireshi da kanta, na sa 8.8.8.8 a wajen DNS, na kashe na kunna, ta hau. Da asusun Yaya na ɗaure ta, domin rikoda asusu ɗaya take yarda ya mallake ta, in mai haɗawa ya ɗaure da nasa to sai ya ga dama zai sake ta.

Hawanta layi ya zo da nasa abin mamaki: agogo ya yi tsalle da awa 7. Ƙarfe goma na safe, allo na nuna biyar na yamma. Da ta samu intanet sai ta daidaita kanta da lokacin da aka saita mata tun daga masana'anta, na ƙasar Sin, GMT+8, mu kuwa muna GMT+1. Gyaran na minti ɗaya ne, amma hoton da lokacinsa ba daidai ba wahalar nema gare shi, kuma in magana ta kai gaban hukuma abin da za a fara kushewa ke nan. Wanda tasa rikodar ke komawa wata tsohuwar shekara duk sanda aka ɗauke wuta, wannan kuma ɗan batirin ciki ne mai kama da kwabo ya mutu.

Data ta farko ba ta yi ko'ina ba ta ƙare. Lissafin mai sauƙi ne. Kyamara ɗaya da ke turo megabit 2 a daƙiƙa tana cin megabayit 900 a awa, kuma in kana kallo a waya ana cin datar rauta ana cin ta wayarka. Yaya kuwa sai ya buɗe duka huɗun ya jingine waya yana cin abinci. Na mayar masa da kallon zuwa ƙaramin hoto, wanda rikoda ke fitarwa musamman don waya, babban kuma ya zauna a faifai. Wannan lissafin ne dai ya nuna mini iyakar faifanmu: gigabayit 21.6 a rana ga kowace kyamara, 86 da ɗoriya ga huɗu, ke nan terabayit 2 mako uku da 'yan kwanaki zai ɗauka kafin sabo ya fara hawa kan tsoho. Mu kuwa lissafin shago wata-wata ake yi. Sai na sauya tsarin matse hoto daga H.264 zuwa H.265, wanda ke rage girman sosai, ta cikin shago kuma na sa ta riƙa naɗa da dare in ta ga motsi kawai. Da haka muka haura wata.

A lissafin da ya biyo baya aka sake samun giɓi, muka zauna ni da Yaya muka bi ranakun da aka yi manyan lodi. Ba ɓarawo. Wajen loda wa 'yan sari kaya ne ake kuskuren ƙirga, mai dako biyu na fita a tare, mai rubutu ya sa ɗaya. Yaya ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya sa aka koma ba kowane mai dako kati a bakin sito yana miƙawa a bakin mota.

Ciro hoto daga rikoda sai kwanan baya na yi shi da gaske. Wani mai adaidaita ya goge motar maƙwabcin shagonmu ya gudu, maƙwabcin ya zo ya ce, "Ƙanina, ko naku idon ya kama?" Na nemo wurin, na fara kulle shi don kada a hau kansa, na sa filasha. Rikoda ta ƙi ganinta sai da na share ta a tsarin FAT32. Na zaɓi kyamarar titi da mintin farawa da na ƙarewa, na fitar a MP4, na buɗe da VLC a kwamfuta don in tabbatar yana tafiya kafin in ba shi. Komai ya fito, lokacin da ya shigo, yadda ya goga, launin rigarsa. Lambar ce kawai ba ta karantuwa, in ka zuƙo sai ta tarwatse. Gilashin wannan kyamarar mai milimita 2.8 ne, yana ɗibar faɗin titi duka, don haka abin da ya faɗa kan lamba ɗan kaɗan ne. Maƙwabcin ya ce zai biya rabin kuɗi in za a ƙara wata mai milimita 6 da za ta kalli mashigar layin kaɗai, Yaya ya amince. Na auna nisan, mita 30 ne daga rikoda, na gaya wa Injiniya ya zo da wayar a ƙunshinta, a gabana za a yanka.